Kujerun Aro da Ƙafar Inna

Jiya Inna ta taka da ƙafarta ta je gona. Ba a ɗauke ta a babur ba, ba a riƙe mata hannu ba, da kanta ta bi hanyar bayan masallaci tana tafe tana amsa gaisuwa, ni kuma ina biye da ita ina washe baki kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Duk wanda muka haɗu da shi sai na ce, "Ka ga Inna kuwa?" sai ka ce ba shi da ido. Tun jiyan na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, ko wani gidan zai tsira daga irin wautar da muka tafka. Saura ƙiris mu ba da ƙafar nan a bakin kujerun roba, kujerun ma na aro.

Sunana Rabi. Ina aure a ƙauyenmu ta wajen Tsanyawa, gona biyu ce tsakanin gidan mijina da gidan iyayena. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Yayyena maza duk suna birni suna fafutukar kansu, don haka da ciwo ya zo, a kaina jinya ta faɗo.

Da kaka abin ya fara. Inna ta je roron wake, ta taka kututturen karan dawa, ya huda silifas ya shige ta ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Abin da ya kamata ya ba mu tsoro shi ne ba ta ma ji zafi ba, sai da ta dawo gida na ga jini a takalmi. Muka wanke, muka barbaɗa toka, muka manta. Dama ta daɗe tana rama, tana shan ruwa kamar raƙumi, tana yawan zagayawa, amma duk mun ɗora wa zafin rana da aikin gona.

A mako na biyu ciwon ya buɗe baki. Nan fa masu magani suka fito. Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ba ta taɓa ganin cutar da ba ta san maganinta ba, ta kawo garin sabara ta ce a kwaɓa da man shanu. Wata ta ce zuma, wata ta ce a gasa da tsumma mai zafi. Gwaggo ta dawo ta ce ita fa tana zargin an binne wani abu a gonar, Inna ta tsallaka. Mai kemis ya yi allurai har sai da kuɗin ƙulin mako guda ya tafi. Ƙafa dai kullum sai ƙara kumbura take, har ta fara wari, Inna kuma duk wanda ya ce mata ya jiki sai ta ce, "Da sauƙi."

A mako na uku na ɗauke ta zuwa asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Ma'aikacin ya tsira mata allura a yatsa ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce ciwon suga ne, kuma ya yi nisa, mu wuce babban asibiti yau ɗin nan. Muka shiga bas, Inna ta miƙe ƙafa a kan cinyata, fasinjoji suna ta sannu suna kau da hanci. A asibiti muka bi layin kati, muka bi layin gwaji, muka bi layin likita, hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Da likitan ya kwance tsumman ya ga abin da muka shafa, bai yi faɗa ba. Maganar da ya yi har yau tana kunnena: "Wannan ƙafar tana hannunku. In ana wanke ta kullum, tana shan magani, ana yi mata allura, za ta tsira. In kuka yi wasa, ni zan yanke ta."

Muka fara zarya. Kuɗin mota, kuɗin wankin ciwo, kuɗin bandeji, kuɗin allura. Gyaɗar da Baba ya noma, wadda muke sa ran za ta kai mu bazara, ta bi hanyar kasuwa buhu bayan buhu. Akuyar Inna ta bi bayanta. Yayyena suka turo abin da ya sawwaƙa, bai yi kwana nawa ba ya ƙare.

Wata rana ina tsaye bakin tagar biyan kuɗi ina kwance bakin zane, nas ɗin da take wanke wa Inna ciwo ta ja ni gefe.

"Ke, ba ku yi rajistar inshorar lafiya ba?"

Na ce ni ban ma san ana yi wa irinmu ba, na ɗauka ta ma'aikatan gwamnati ce.

Ta ce a'a. Akwai wadda mutum yake biyan ɗan kuɗi kaɗan a shekara, akwai kuma wadda ake yi wa marasa ƙarfi da tsofaffi, gwamnati ce take biya musu. Ta ce ma'aikata suna zagaya ƙauyuka gida-gida suna duba waɗanda suka cancanta, kuma ta ji sun kusa zuwa ɓangarenmu. Mu tanadi katin ɗan ƙasa, mu kasa kunne wajen mai unguwa. In Inna ta samu, ganin likita da wankin ciwo da yawancin magunguna duk katin zai ɗauka.

Wallahi ban san lokacin da na rungume matar nan ba. A cikin bas na dinga ba Inna labari kamar ba tare muke ba. Na isa gida na faɗa wa Baba, shi ma fuskarsa ta saki, ya ce Allah Ya kawo su lafiya. Ni a raina an gama, don in ana neman marasa ƙarfi a garinmu, ai ba sai an sha wahalar nemo gidanmu ba. Rumbu ya kusa ƙasa, katangar baya ta zube tun damina, ga mara lafiya a kwance.

Ba a yi mako ba aka yi shela bayan sallar asuba cewa baƙi za su zo yau, kowa ya zauna a gida. Ni ina da suyar ƙuli da na riga na ɗora, na ce bari in sauke in je. Da na san abin da Baba yake shiryawa, da na bar ƙulin ya ƙone.

Ina shiga zauren gidanmu ƙamshin turaren wuta ya tare ni. Na leƙa tsakar gida, na ɗauka ɓatan kai na yi. An share fes, an yayyafa ruwa. Ga kafet shimfiɗe a gindin darbejiya, ga kujerun roba farare a jere, waɗanda na san na maƙwabcinmu Alhaji Garba ne, mai fataucin dabbobi. Ga kwalaben lemo a tire. Ga ƙamshin miyar kaza yana tashi daga madafa, zakaran gidan kuma, guda ɗayan da ya rage, babu shi babu cararsa. Ramin katangar baya an rataya masa sabuwar tabarma. Baba kuwa yana zaune cikin babbar rigarsa ta Sallah, shuɗiyar shadda, ya kafa hula. A can gefe ga ragunan Alhaji biyu da Baba yake yi masa kiwo, sun yi ɓul-ɓul suna tuƙa.

Na ce, "Baba, biki ake?"

Ya ce, "Baƙin gwamnati za su shigo gidana, in tarbe su a ƙasa? Baƙonka annabinka."

Kafin in buɗe baki sai ga sallama. Mutum biyu ne, mace da namiji, mai unguwa yana gaba. Macen ce mai tambaya, ana ce mata Malama Zainab, tana riƙe da babbar waya tana dannawa. Aka zaunar da su a kujeru, aka buɗe lemo, aka kawo kaza. Inna an sa mata sabuwar atamfa an zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, an lulluɓe ƙafar da mayafi, ga kaskon turare a gefenta.

Malama Zainab ta ce, "Baba, yaya abinci a gidan nan, yana isa?"

"Alhamdulillahi. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba."

"Amfanin gonar bana fa?"

"Sai godiya. Allah Ya yi mana albarka."

"Waɗannan dabbobin naka ne?"

"Ai na gida ne," in ji Baba, don a wajensa abin maƙwabci abin gida ne.

"Akwai mara lafiya?"

"Ɗan ciwon ƙafa ne maiɗakina take yi, amma da sauƙi."

Ta juya wajen Inna. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi sosai."

Ina tsaye jikin rumbu kamar in fashe. Amma ku gaya mini, wace 'ya ce za ta ƙaryata ubanta a gaban baƙi da mai unguwa? Mai unguwan ma da ya san komai, kansa na ƙasa yana fama da cinyar kaza. Da suka tashi Baba ya raka su har waje yana cewa, "Muna cikin rufin asiri, wallahi muna cikin rufin asiri." Ya dawo yana murmushi, shi a dole ya fita kunyar baƙi.

Da aka karanta sunayen waɗanda suka samu a ƙofar gidan mai unguwa, babu na Inna, babu na Baba. Aka ce in muna so mu yi ta masu biya da kansu. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma mu a lokacin ko shi ya fi ƙarfinmu, kuma an ce irin wannan katin sai ya ɗau lokaci kafin ya fara aiki. Ƙafar Inna ba ta da wannan lokacin.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi muni. Wankin ciwon kullum ya koma na bayan kwana biyu, ya koma na ranar da aka samu kuɗin mota. Allura ta yanke. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi. Da muka samu muka koma, likita ya ce yatsan ya mutu, dole a cire shi, kuma a ba ta gado. In aka ƙara jinkiri, ba maganar yatsa za a yi ba, daga gwiwa za a fara lissafi. Na fito na zauna a barandar asibiti na yi kuka mai isata. Haushin Baba nake ji, haushin kaina nake ji, har zakaran da aka yanka haushinsa nake ji.

Nas ɗin nan ce ta sake ceto na. Ta ce ma'aikatan za su dawo makarantar firamare ta garinmu su ɗauki hoto da zanen yatsa na waɗanda suka samu, kuma a ranar suna sauraron ƙorafi. Amma sai maigidan da kansa ya je ya yi bayani, mai unguwa ya shaida.

Ni dai na san bakina bai isa ya juya Baba ba. Sai na tafi wajen Gwaggo Asabe, ita kaɗai ce a duniya take kiran sa da sunansa ta kuma zauna lafiya. Na zayyana mata komai. Ta yafa mayafi ko takalmi ba ta tsaya nema daidai ba, ta same shi a zaure yana gyaran igiya.

"Sule, ashe kai ne attajirin garin nan ban sani ba? To a sammana kujera ɗaya mana."

Baba ya ce, "Yaya, kar ki fara."

"Ai na fara. Ni na kawo sabara ta ƙi aiki, na yarda na yi kuskure. Kai kuma ka kawo kafet. Rigar Sallarka ce za ta taka ƙasa ta ɗebo maka ruwa, ko ƙafar matarka?"

Ya ajiye igiyar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa, ina jin sa daga bayan ƙyaure.

"Yaya, tun da Baffanmu ya rasu na karɓi gidan nan, an yi fari, an yi fara, ban taɓa buɗe baki na ce wa wani ba ni da shi ba. Yanzu da furfurata in tsaya gaban yaran gari in ce ni matsiyaci ne?"

Gwaggo ta sassauta. "Ba wanda ya ce ka yi roƙo. Tambayarka aka yi, ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Sule."

Ya ci gaba da igiyarsa. Na koma gida ban san inda muka tsaya ba, kuma a nan na fara jin tausayinsa ya danne haushin.

Ranar da ma'aikatan suka dawo, filin makaranta ya cika maƙil. Ina tsaye ina ta waige-waige, sai na hango amalanke tana tahowa. Inna ce a kai, ƙafar a miƙe a buɗe, bandeji duk ya jiƙe. Baba yana turawa da kansa, cikin rigar gonarsa mai faci a kafaɗa. Mutane suka dare suka ba shi hanya har gaban teburin Malama Zainab.

Ya yi sallama, ya gyara murya, ya ce, "Malama, na zo in gyara maganata. Kujerun da kuka zauna na Alhaji Garba ne. Kafet nasa ne. Ragunan nasa ne, kiwo nake yi masa. Lemon ma shi ya aiko. Gyaɗata ta ƙare a kan ƙafar nan da kike gani. Zakaran ne kawai nawa, shi kaɗai gare ni, kuma kun cinye shi."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai fili ya ɗauka gaba ɗaya. Na kalli Baba, na ce shi ke nan, zai juya ya tafi. Amma Malama Zainab ta miƙe tsaye, ta zagayo ta durƙusa ta duba ƙafar Inna, ta ɗago.

"Baba, Allah Ya saka da alheri, ka sauƙaƙa mini aiki. Ni dama tun ranar hankalina bai kwanta ba. Akwai kujera ɗaya mai karyayyen hannu da aka ɗaure da waya. Na zauna a kanta a gidanka, na je gida na gaba na same ta, na je na gaba ta riga ni isa. Na ce ko dai garin nan kowa kujera iri ɗaya yake saya, ko kuma kujerar nan tana da ƙafa."

Ashe ta kan katanga ake miƙa su. Muna fita da baƙi ta ƙofar gaba, kujeru suna tsallakawa ta baya zuwa gidan da za a shiga. Duk layinmu haka aka yi, kowa ya ɗauka shi kaɗai ya yi dabara. Alhaji Garba da yake tsaye a gefe ya ce shi dai an ce masa baƙi za a yi, bai san talaucin unguwa yake ɓoyewa ba. Mai unguwa ya share gumi ya ce ya shaida, duk abin da Malam Sule ya faɗa gaskiya ne. Kafin ka ce kwabo, dattawa sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa bayan Baba. Wani ya ce buhunan da aka gani a zaurensa ƙaiƙayi ne a ciki. Wani ya ce babur ɗin na surukinsa ne. Ban taɓa ganin mutane suna faɗin babu suna dariya haka ba, ni kuwa dariya nake hawaye na zuba.

Aka sake rubuta bayanan gidanmu a nan take. Aka duba katin ɗan ƙasa, aka ɗauki Inna hoto a kan amalanke tana ta gyara ɗankwali. Na'urar zanen yatsa ta ƙi karɓar babban yatsanta, ɓarar gyaɗa ta shafe shi sumul, sai da aka gwada na kusa da shi. Malama Zainab ta ce saboda halin da ƙafar take ciki za ta kai maganar gaba da gaggawa, kuma ta cika alkawari. Ranar da aka kira mu aka ce lambar Inna ta fito, guɗa na rangaɗa a tsakar gida har kajin maƙwabta suka watse.

Aka ba Inna gado. Aka cire yatsan. Na kwana a tabarma a ƙarƙashin gadonta har aka sallame mu, ana wanke ciwon kullum, ana auna suga safe da yamma, ba wanda ya ce mini kawo. Ranar farko da na miƙa kati a taga aka miƙo mini magani na tsaya ina jira a faɗi kuɗi, har mai bayarwar ya ce, "Hajiya, matsa mana, akwai mutane a bayanki."

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Layin masu kati ya fi kowane layi tsawo, kuma in na'urarsu ta ƙi aiki sai ku wuni a zaune. An sha ce mana wani magani ya ƙare, mu saya a waje. Kuɗin mota da abinci suna nan a kanka, kati ba ruwansa da su. Kuma raba Inna da fura mai suga yaƙi ne da har yau ba a gama ba. Amma wanda ya sayar da akuya don bandeji ya san bambancin. A hankali ciwon ya bushe, nama ya ciko, ta fara dafa bango, ta koma sanda, ta ajiye sandar.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Ciwon da ya ƙi warkewa a ƙafa, a je a auna suga kafin a nemi sabara. In masu rajista suka zo, a ba su ruwa da tabarma, ya isa karamci. Likita da mai rajista ba a ce musu da sauƙi in babu sauƙin. Zanen aro ba ya rufe katara, mu namu yatsa guda ya ci mana.

Likita ya kafa sharaɗi kafin ya sallame mu, ya ce Inna ba ita ba silifas, ba ita ba tafiya ƙafa a ƙasa, sai rufaffen takalmi mai taushi. Na yi ta tunanin inda zan samo kuɗinsa. Ranar kasuwar Tsanyawa sai ga Baba ya dawo da leda, ya ajiye a gaban Inna. Kambas ne baƙi, daidai ƙafarta. Shi ta sa jiya ta je gona, Baba yana gaba da fartanya yana tumɓuke duk kututturen da ya gani a hanya.

Da muka dawo na shiga ɗakinsa zan ajiye masa ruwa, na ga akwatin kayansa a buɗe. Hular tana nan, shuɗiyar shaddar babu. Na fito na same shi a gindin darbejiya yana kallon Inna tana kwance igiyar takalmi.

Na ce, "Baba, Sallah fa ta kusa. Me za ka sa?"

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Alhamdulillahi, Rabi. Muna cikin rufin asiri."

Wannan karon ban yi masa musu ba, ko a zuciyata.